Sarƙar Taya a Hanyar Mokhotlong

Buhun garin masara, galan ɗin kananzir, barguna uku, akwatin da na dawo da shi daga Norway, da sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada ta zame a ƙanƙara. Abin da ke bayan jif ɗin ƙanena Motlatsi ke nan lokacin da dusar ƙanƙara ta tsayar da mu a hawan dutsen da ke hanyar Mokhotlong.

Na fito in nuna abin da shekara huɗu a ƙasar sanyi ta koya mini. Ko kan sarƙar ban gano ba.

"Yaya, koma ciki kada digirinka ya jiƙe," in ji Motlatsi.

Matata Limpho ta durƙusa a taya ɗaya, shi a ɗaya. Ya miƙa hannu bai waiwaya ba, ta ɗora masa ƙugiya. Ya matsar da motar kaɗan, ta ɗaure tamau. Cikin minti biyar sun gama.

Na ja ta gefe. "Sau nawa kuka bi hanyar nan ku biyu?"

"Kowace Lahadi."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Da kana Norway, kai ka ce in riƙa kiranka ta bidiyo duk Lahadi, ka tabbatar ba na tare da kowa. Waya ba ta kamawa a ƙauye, sai an tsallake dutsen nan. Shi ke kai ni, ya tsaya waje cikin sanyi har ka gama tambayoyinka."

Ta shiga mota ta ja ƙofa. Ta gilashi na ji tana ce wa Motlatsi, "A gidan mahaifiyata zan sauka."