Yatsu Uku a Idon Taru

Kai da kake auna arzikin gari da yawan motocin da ke fita da kaya, saurari misalin wata mai bandar kifi.

Garinsu yana bakin wani babban tafki ne, wanda a da ake cewa ko da ƙwarya ka kamfaci ruwansa sai ka samu na miya. Tun kaka da kakanni masuntan wurin suna da doka guda: duk tarun da za a jefa, sai Sarkin Ruwa ya zura yatsunsa uku a idonsa. In sun shige, a tafi kamun kifi. In sun maƙale, a ƙone tarun a bainar jama'a. Ta wannan ƙofa ƙananan kifaye ke sulalewa su girma, su yi ƙwai, su bar na baɗi. Da kwalta ta iso garin, labarin tarwaɗarsu da giwan ruwansu ya kai birane. Baƙi suka yi ta kwararowa, unguwa uku ta zama goma sha ɗaya, aka gina makaranta da asibiti. Ita kanta matar ta ƙara banda biyu a kan ɗayar da ta gada, ta ɗauki mata shida aiki. Ba ta ƙi cikar garin ba, domin da ita ta rufe ɗakinta da kwano. Abin da ta sani kawai shi ne bakuna sun ƙaru, tafki kuwa bai ƙara ko taku ɗaya ba.

Ana haka sai ga wani attajiri da jiragen inji ashirin da taru mai ɗan mitsitsin ido. Ranar awo, Sarkin Ruwa ya tura hannu, yatsa ɗaya ma da ƙyar ya leƙa. Attajirin ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce yatsu uku. Ta ce yatsun wa?" Aka karɓo jaririya 'yar kwana tara daga bayan uwarta, aka zura 'yan yatsunta, suka shige sumul. Dattawa suka bushe da dariya, suka ce wannan ai hikima ce. Da la'asar aka ga rago a ɗaure a ƙofar Sarkin Ruwa, kowa ya kau da kai. Daga ranar jiragen suka shiga tace tafkin kamar ana tace koko, manya a kai birni, ƙanana a shanya a niƙa a yi abincin kaji. Ƙananan masunta da suka ga ba a bar musu komai a baya ba, sai suka kwance gidan sauron da aka raba wa matansu a asibiti, suka shiga ruwa da shi. Su ne aka kama, su ne aka ƙone wa kaya a bakin kasuwa, su ne aka kira maɓarnata. Suka koma gida babu kifi, babu gidan sauro, zazzaɓi yana jiran 'ya'yansu.

Mai banda ba ta buƙaci kowa ya karanta mata wannan ba. Ragar wayar da take shimfiɗa kifi a kai ita ce ta faɗa mata, domin kifin da ake kawo mata ya fara zurarewa ta ramukan wayar yana faɗawa wuta. Ta cika tafin hannunta da su, ta je ta zube a gaban Sarkin Ruwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba kifi ba ne, iri ne. Manomin da ya tuƙa tuwo da irinsa, me zai shuka?" Ya ce, "Uwar banda, tafkin da ya ci da kakanninki ne zai ƙare a zamaninki? Ruwa na Allah ne." Ta ce, "Hankali ma nasa ne, kuma ya raba mana." Aka ce ta cika baki. Ta bi unguwa-unguwa tana roƙon a rufe tafkin ko da damina ɗaya ce, kifi ya samu ya yi ƙwai. Matan da mazansu ke aiki a jiragen suka ce baƙin ciki take yi. Har 'yan aikinta suka ce, "Haba Gwaggo, gari yana ci gaba, ke kina ja da baya!"

Damina huɗu aka yi. A ta biyar aka ɗora jiragen nan ashirin a kan tireloli, aka nufi wani tafkin da su, attajirin ko sallama bai yi ba. Unguwa goma sha ɗaya kuwa ba a ɗora ta a tirela. Samari suka watse neman abin yi, matan nan shida suka koma gida, banda biyu suka zama wurin kwanan awaki, garin masunta ya koma sayen kifin ƙanƙara daga birni. Sai a lokacin Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela cewa an dawo da tsohuwar doka, ya zauna bakin ruwa yana zura yatsunsa uku a idon kowane taru, fuska a murtuke. Mai banda ta tsaya a kansa, ta dubi tarun da aka jawo, babu komai a ciki sai gansakuka da tsohon silifa. Ta ce, "Zura hannun duka, ranka ya daɗe. Babu mai wucewa."

Shi ya sa Hausawa suka ce, in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.