Kambas Ɗin da Gide Ya Take wa Baya

Tun da abin ya faru, Gide ba ya ƙaunar sanyin safiya. A lokacin ne samarin Mairuwa ke wucewa ta bayan ɗakinsa da gudu, ƙafafunsu na dukan ƙasa tare. Sai ya yi lamo a kan tabarma, sandarsa jingine da bango, yana saurarensu har su yi nisa. Bara war haka shi ne a gabansu.

Burin Gide a duniya guda ne, ya shiga soja. Shi da amininsa Jabiru suka shiga ƙungiyar motsa jiki da ke haɗuwa a wani fili a bayan gari, don su shirya wa ranar tantancewa. Almu, wani tsohon ɗan ƙwallo, shi ke ja musu gaba. Su yi gudu, su yi tsallen kwaɗo, sannan a koma ɗaga nauyi. Nauyin kuwa haɗin gida ne: siminti aka cika gwangwanayen fenti biyu da shi, aka soka bututun ƙarfe a tsakiya.

Da Almu ya hana zuwa fili da silifas, Gide ya tafi kasuwar Ƙanƙara wurin 'yan gwanjo. Akwai kambas masu shimfiɗaɗɗen ƙasa, masu kama ƙafa tsam, ko kallonsu bai yi ba. Idonsa ya faɗa kan wani ja mai tudun ƙasa, mai laushi kamar katifa. Ya yi masa yawa, amma ina! Kyau ya riga ya tafi da shi.

To, mai karatu, ka san halinmu. Sau nawa mutum ke cire takalmi a yini? Ga alwala, ga masallaci, ga zauren Malam, ga ɗakin Inna. Gide ya ga ba zai iya wannan ɗaure igiya da kwancewa ba. Ya sa dunduniya ya take bayan takalmin, ya mai da shi silifas mai rufin gaba. Yana tafe yana faɗ-faɗ, shi a dole ɗan gayu.

Almu ya gani, ya tsayar da shi.

“Gide, mi ka yi wa takalmin ga? Ta da bayanshi, ka ɗaure igiya. Shi kanshi bai dace da ɗaga nauyi ba, ya cika tudu da laushi, ƙafa rawa take a kanshi.”

“Haba Yaya Almu, ni da ke ɗaukar buhun masara ba takalmi? Wanga ɗan simintin ne zai kada ni?”

Aka yi dariya, har da Almu. Wannan dariyar har yau tana cin Almu a rai.

Ran da tsautsayin ya zo, raɓa ta jiƙa ƙasa. Gide ya sunkuya ya ciccibi bututun, ya kai shi ƙirji, ya ja ƙafar dama baya don ya tura shi sama. Dunduniyarsa ta zame ta fice. Takalmin ya kife gefe, ƙafar ta lanƙwashe a kansa, simintin ya biyo shi ƙasa.

Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar kamar an karya busasshen karan dawa. Gide kuwa ya ce shi bai ji zafi ba a lokacin, ƙarar kawai ya ji, kuma bai daina jin ta ba. Yana cikin cin tuwo sai ta dawo masa, ya ajiye lomar. Mahaifiyarsa, Inna Baraka, ta daina karya kara a inda zai ji.

An kai shi asibiti, an yi aiki. Likita bai ɓoye musu komai ba: idon sawun ya farfashe, zai taka, amma gudu ya ƙare. Aka yi tantancewa Gide na kwance. Jabiru ya ci, ya tafi horo.

Bayan watanni Jabiru ya zo hutu, ya biyo gaishe su cikin kaki. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin Inna Baraka, inda Gide ke zaune ya miƙe ƙafa. Takalmin da ke ƙafar Jabiru dogo ne, igiya tun daga ƙasa har ƙauri. Ya durƙusa yana kwancewa.

“Jabiru ne? Lale, lale. Shigo hakanan, ɗana, kak ka wahal da kanka.”

“A'a Inna, ai ba wata wahala.”

Gide bai dubi kakin ba, hannun Jabiru yake kallo. Kafin Inna ta gama tambayar hanya da mutanen bariki, an kwance duka biyun, an jingine su a bakin ƙofa. Iyakar lokacin ke nan. Abin da Gide ya ƙi yi wa nasa takalmin ke nan.

Jabiru ya miƙo hannu yana murmushi. Gide ya kama hannun da nasa biyu, ya kifa goshi a kai, ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ko a asibiti. Inna ta juya fuska ga bango.

Jama'a, duk wanda zai yi gudu, ko tsalle, ko ɗaga nauyi, ya nemi takalmi daidai ƙafarsa, mai riƙe dunduniya, wanda ƙasansa ba ya santsi kuma ba ya rawa. Kada a bi kyau, kada a take masa baya, a ɗaure igiya. Ƙyuyar minti guda ce ta raba Gide da ƙafarsa da burinsa.