Injin da Ke Tsayawa da La'asar

Tun da aka kafa dokar cewa ba a sayar da sabuwar ƙwaƙwalwar inji sai an miƙa tsohuwa an niƙe, Injiniya Balaraba ke jan ƙafa. Amma injin matsar man gyaɗa na masana'antarsu kullum sai ya tsaya da la'asar, kuma manaja ya ce ta canja ƙwaƙwalwar ko ta bar aikin.

A kasuwa, Alhaji Ɗanlami mai sayar da ƙwaƙwalwar inji ya gwada tsohuwar, ya jefa ta a maniƙa, sannan ya tuna bai yi mata bayani ba.

"Hajiya, lafiyarta ƙalau fa. Wani ne ya saba tsayar da injin ya yi salla, ta koya."

Wanin nan marigayi mahaifinta ne. Shekara talatin ya yi a kan injin nan.

Sabuwar kam ba ta tsayawa. Manaja har yabon Balaraba ya yi.