Yumɓun da Ke Ƙarƙashin Yashi

Jatau, na ji kana cewa yashi yashi ne, duk wadda aka ba ka cikin gonakin nan biyu ka karɓa. To gyara zama, don wani ya riga ka faɗin haka, kuma saura ƙiris ya yi da na sani.

Wani manomi ne ya yi ƙaura zuwa wani ƙauye tare da matarsa, maginiyar tukwane. Irin geron da suka zo da shi bai wuce ƙwarya guda ba. In ya lalace, bana sai dai su ci a hannun mutane, shi kuwa ya gwammace ya kwana da yunwa da ya yi roƙo. Mai unguwa ya nuna musu jigawa biyu, ya ce su zaɓa. Ɗaya a bayan gari take, har kana jiyo dakan mata daga cikinta. Ɗayar tana can gindin tsauni, sai ka yi gumi kafin ka isa. A ido kuwa kamar an tsaga kara, duk farin rairayi ne mai zubewa ta tsakanin yatsu. Gogan naka ko tunani bai yi ba, ya ce ta kusa.

Matar ta ce ya dakata tukuna. Ita ta lura surin da ke gonar nesa ja ne jawur, na gonar kusa kuwa fari-fari, da ka taɓa ya ruguje, kuma ta san gara daga can ƙasa take ɗauko kayan gininta. Ta karɓi hauyarsa ta haƙa rami a kowace gona har ya kai mata cinya, shi yana tsaye yana mata tsiya, wai an zo neman gona ita tana neman tukunya. Ta ɗebo ƙasar gindin ramin kusa, ta jiƙa da ruwan gora, ta murza, sai ta watse. Ta ɗebo ta ramin nesa, wadda ta fara yin ja tun daga kamu guda, ta jiƙa ta murza, sai ga ta ta miƙe a tafinta har ta naɗa ta a yatsa. Ta ce masa ƙasar gindin tsauni daga ruɓaɓɓen dutse ta fito, da yumɓunta aka haife ta. Ruwan damina ne shekara da shekaru ya yi ta wanke yumɓun yana sauke shi ƙasa ya bar yashi a sama, yadda gari ke bin rariya ya bar tsaki. Ta kusa kuwa iska ce ta tara ta, tun asali ba ta da abin da ruwa zai sauke, ko tsayin mutum biyu ka haƙa yashi za ka tarar.

"Maigida," in ji ta, "wannan da randa a cikinta. Waccan kwando ce."

Ya yarda, aka shuka gonar nesa. Amma ka san mu maza da taurin kai. Ashe ya ɗebi iri tafi biyu ya sa a aljihu, ya je ya shuka a gefen gonar kusa, yana jiran ranar da zai ce mata ai ga shi nan. Shukar kusa ma ta riga fitowa, mutumin har da fito yake yi a hanya. Ana gama noman farko sai ruwa ya ɗauke, kwana ashirin ko ɗigo. Nan fa ido ya raina fata. Gaskiya ya ji tsoro. Geron kusa ya ƙone ƙurmus. Na nesa kuwa da rana ya naɗe ganye, da la'asar ya buɗe, don saiwarsa ta riga ta kai ga yumɓun da ya riƙe danshi. Haka ya yi ta lallaɓawa har ruwa ya dawo.

Da kaka ta yi, damman da suka ɗaure sun fi ƙarfin ɗaki, dole sai rumbu. Ƙasar ginin rumbun ma daga ramin nan da matar ta haƙa a gonar nesa aka ɗebo ta. Yana kwaɓa yana gaya wa masu wucewa cewa shi tun ranar farko ya gane gonar kirki. Matar tana gefe tana shafe bakin tukunya, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To iri tafi biyun nan da ya ɓace a ƙwarya fa, ɓera ne?"

Ya ce, "Ɓera ne. Kuma ya tuba."

Don haka Jatau, kafin ka ce ka karɓa, ɗauki hauya da gorar ruwa ka je ka tambayi gindin gonar. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.