A Bar Tagar a Buɗe

Da rediyo ya ce iska mai ƙarfi za ta taso wa London da la'asar, sai ta ajiye aiki ta nufi gidan mahaifiyarta a unguwar Barking. Shekara goma sha tara ke nan tana haka. Takan rufe tagogi, ta saki labule, ta ƙure ƙarar talabijin, don kada mahaifiyarta ta tuna Florida.

Ita ma ba ta manta ba. Mahaukaciyar guguwa ta wuni tana ruri, sannan wata mai murɗawa ta biyo bayanta. Babanta ya cusa su cikin bahon wanka, ya kifa musu katifa, ya miƙe yana kiran sallah, yadda ake yi a gida idan iska ta tsananta. Tare da rufin gidan ya tafi.

Yau jirgin ƙasa na layin District ya makara. Ta tarar da tsohuwar zaune gaban buɗaɗɗiyar taga, mayafinta na kaɗawa, fuskarta a sake.

"Mama, bari in rufe."

"Bar ta, 'yar nan. Ranar nan bai ƙarasa kiran ba. Ke kuma kullum sai ki rufe kafin ya kai ƙarshe."