Fumfunar Damina

Damina na sauka, fumfuna ta baƙanta bangon ɗakin Babba da ƙaninsa Auta, Auta ya fara tari. Inna ta kwashe shi zuwa ɗakinta, kamar kowace shekara.

"Likita ya ce ƙurar fumfunar nan yake shaƙa," in ji ta. "Kai kuwa, Babba, ƙirjinka ƙarfe ne, zauna abinka."

Ta bango yake jiyo dariyarsu da ƙarar cokali a kofin shayi. Ya rufe taga, ya jawo katifarsa jikin baƙin bangon, ya yi ta shaƙa har mako uku.

Ranar da tari ya turnuƙe shi, Inna ta fito a guje. Ya miƙa mata hannu.

"Subhanallahi! Kada ka kusanci Auta, ka ji ko?"

Ta ja ƙofarta.