Kafso Ja da Rawaya a Kaskon Kaji

Tun da fari in faɗa, ni ne wawan labarin nan, kuma har yau ba a sauke ni daga muƙamin ba.

Wata la'asar muna yara, a gidanmu na Ƙofar Rini, kazata, ita kaɗai na mallaka a duniya, ta kwanta tana gyangyaɗi. Na lallaɓa ɗakin Baba na ɗauko ragowar kafsonsa, ja da rawaya. Na ɓalle shi, na lashi yatsa. Har yanzu ina jin ɗacin garin nan. Na kaɗa a kasko na ɗura mata, sauran kajin gidan masu lafiya ma na ba su, wai riga-kafi.

Ƙanwata Asabe tana tsugune tana kallo. Ta ce, "Yaya, in cutar ta saba da maganin ga fa?"

Na yi dariya har da dafa ƙasa. "Cuta mutum ce da za ta saba?"

Kaza ta tashi, ni kuwa na zama likitan kajin unguwa.

Yau Asabe likitar dabbobi ce, ta yi furfura tana binciken naman kaza da nono, tana farautar ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Ina alfahari da ita, amma a ɓoye.

Rannan na tsokane ta: "Dakta, har yanzu ba ki ci ƙarfinsu ba?"

Ta ce, "Yaya, wa ya sa su makaranta? Kai ka tsaya aji huɗu, amma ɗalibanka sun wuce ni."